Kamfanin da na yi wa talla ya ci amanar mutane, yanzu ni ake zagi. Yaya zan yi?

Ummu Khalil ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni daɗewa a harkar nan.

Sana'ata tallata kaya a intanet. Kamfani ya ba ni mahaɗi nawa na kaina, in sa a Instagram da Facebook, duk wanda ya bi ta nan ya saya a ba ni kamasho. Akwai wani kamfanin kayan gyaran fata da na jima ina yi wa talla. Sai da na yi amfani da kayan kafin in fara, kuma a farko suna kai wa mutane a kan lokaci. Kwatsam saƙonni suka fara shigowa: wannan ta biya kuɗi kaya shiru, waccan an kawo mata wanda wa'adinsa ya wuce. Na kira wanda nake hulɗa da shi a kamfanin, ya ce matsalar masu kai kaya ce, in ba su haƙuri. Yanzu ko wayata ba ya ɗauka.

Abin da ya hana ni barci shi ne wata baiwar Allah ta ɗauki hotona ta sa a shafinta, ta rubuta wai ni 'yar damfara ce, da ni aka haɗa baki. Ana ta yaɗawa. Wallahi ko sisin kowa bai shigo hannuna ba, kamfanin suka biya kai tsaye. Ga shi wani kamfani da muke dab da ƙulla yarjejeniya ya ce a ɗan dakata tukuna.

In goge maganganun da suke min a ƙarƙashin hotunana? In kai ta ƙara? Ko in yi shiru har ƙura ta lafa? Har na fara tunanin rufe shafin in buɗe sabo da wani suna.

Auta ya rubuta:

Wa alaikumus salam Anti. Ki goge, ki toshe duk mai zagi, ki yi kwana biyu ba ki sa komai ba. Mutanen intanet ba sa riƙe abu, gobe wani labarin zai fito su koma can. In kika tanka musu ƙara hura wutar kike yi.

Baban Zara ya rubuta:

Allah ya kawo miki sauƙi 'yar'uwa. Auta, ka yi haƙuri, a nan ban bi bayanka ba. Masu kallo su ne suke mantawa. Wadda kuɗinta ya maƙale ba za ta manta ba, kuma ita ce mai hoton allon wayarta a ajiye. Ranar da ta dawo ta tarar an goge maganarta, a ranar za ta tabbatar wa kanta cewa zargin gaskiya ne. Shiru ma magana ce, kuma a irin wannan hali abin da shirunki zai faɗa wa mutane shi ne kin san da abin.

Ummu Khalil, bari in faɗa miki abin da zai yi ɗaci kafin in zo kan mafita. Matan nan ba su san kamfanin ba, ke suka sani. Fuskarki suka gani, muryarki suka ji tana cewa kayan na da kyau, shi ya sa suka ciro kati suka biya. Aikinmu aikin dillali ne: kaya na wani, kuɗi na wani, amma in ciniki ya ɓaci ƙofar dillali ake fara bugawa. Don haka “ba ni na karɓi kuɗin ba” gaskiya ce, sai dai ba ita za ki sa a gaba ba. In kika fara da ita, kunnen wanda aka cuta “ba ruwana” zai ji.

Ga yadda ni zan yi da ni ne. Yau ɗin nan, kafin komai, ki cire mahaɗin kamfanin daga ko'ina, har wanda ke ƙarƙashin tsofaffin bidiyo da wanda ke saman shafinki, kada wata ta ƙara faɗawa a daren nan. Amma hotunan tallar kada ki goge su. Ki gyara rubutun da ke ƙasa, ki sa cewa kin daina hulɗa da kamfanin daga rana kaza, kada kowa ya tura musu kuɗi. Sannan ki yi bayani guda ɗaya, ki maƙala shi a saman shafi. Bidiyo ya fi rubutu, tunda da fuskarki kika yi tallar. Ki faɗi lokacin da kika fara aiki da su, ki faɗi cewa kamasho suke biyanki, ki faɗi ranar da ƙorafi na farko ya iso gare ki da abin da kika yi a kai, ki nuna saƙonnin da kika tura musu ba amsa. Ba kuka, ba rantse-rantse, ba habaici ga wadda ta sa hotonki. Ki rufe da gaya wa waɗanda abin ya shafa su turo miki lambar odarsu da ranar da suka biya.

Wannan na ƙarshen shi ne ainihin aikin, kuma shi mutane suka fi tsallakewa don akwai wahala. Ki buɗe takarda ki jera su ɗaya bayan ɗaya: suna, ranar biya, ta wace hanya aka biya, me ya faru. Wadda ta biya da katin banki tana iya zuwa bankinta ta shigar da ƙorafin cewa ta biya ba a kawo mata kaya ba, a bi mata kuɗin ta hanyar kamfanin katin. Abin yana da wa'adi, don haka ki ce su hanzarta. Wadda ta biya ta PayPal tana da kwana 180 daga ranar biya ta buɗe ƙorafi. Da yawansu ba su san da wannan ba. Ranar da mace ɗaya ta dawo ƙarƙashin bidiyonki ta rubuta “kuɗina sun dawo, ita ta nuna min hanya”, wannan layi ɗaya ya fi duk bayanin da za ki yi da bakinki.

Batun kotu kuwa, ina roƙonki ki ajiye shi gefe yanzu. A 2003 mawaƙiyar Amurka Barbra Streisand ta kai wani mai ɗaukar hoto ƙara tana neman dala miliyan 50, saboda hoton gidanta da ya ɗauka daga sama yana cikin dubban hotunan gaɓar tekun Kalifoniya da ya sa a intanet. Kafin ƙarar sau shida kacal aka sauke hoton, biyu daga ciki ma lauyoyinta ne. A watan da ya biyo baya mutum sama da 420,000 suka shiga shafin, kuma kotu ta kori ƙarar. Ke kuma wadda za ki kai ƙara mace ce da aka ci wa kuɗi. Ko kin yi nasara, labarin da zai fita shi ne mai talla ta maka wadda aka damfara a kotu. Ki yi mata magana ta saƙon sirri, da ladabi, ki ce kin ga abin da ta rubuta, kin fahimci zafin da take ji, ga yadda za ta nemi kuɗinta. Kada ki nemi ta goge a saƙon farko. In ta ga kina tsaye a kan lamarinta, sau da yawa da kanta za ta sauke ko ta gyara.

Abin da za ki goge shi ne zagin iyaye, barazana, da wanda ya sa lambar wayarki ko adireshinki. Ki ɗauki hotonsu tukuna ki ajiye. Ƙorafi kuwa, ko da zafi aka rubuta shi, ki bar shi ki amsa a ƙarƙashinsa.

Sabon shafi da sabon suna, kada ki soma. Za a gano, kuma ranar da aka gano babu mai sauraron bayaninki.

Malamin Kwamfuta ya rubuta:

Na goyi bayan Baban Zara. Ƙari biyu uku ta ɓangarena.

A irin wannan lokaci ne ɓarayi ke buɗe shafi da sunanki da hotonki, su bi waɗanda suka yi ƙorafi suna cewa “turo lambar katinki a mayar miki da kuɗi”. Ki faɗa a bidiyon, da babbar murya, cewa shafinki ɗaya ne kuma ba za ki taɓa neman lambar kati ko lambar sirri ba. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato a riƙa neman wata lamba ta biyu bayan kalmar sirri kafin a shiga, a shafukanki da imel ɗinki. Ki sa sunanki da sunan shafinki a Google Alerts, kyauta ne, zai riƙa turo miki saƙo in an ambace ki a shafukan da Google ke gani.

In za ki nuna hoton hira, ki rufe sunaye da lambobin kwastomomi. Kada garin wanke kanki ki tona asirin wasu.

Za kuma ki ga masu zuwa suna cewa za su cika miki shafi da yabo, ko su sayar miki da mabiya don a binne maganar. Ki guje su. A Amurka hukumar FTC, mai kare haƙƙin masu saye, ta fitar da doka a Agustan 2024, ta fara aiki a Oktoba, wadda ta haramta sayen yabon ƙarya da mabiyan bogi, har da tsoratar da mai ƙorafi da barazanar shari'a marar tushe don ya janye maganarsa. Ko ba a can kike ba, manyan kamfanoni da wannan ma'aunin suke duba wanda za su ba talla, kuma yabo hamsin masu kama da juna da suka sauka rana ɗaya ba ya ɓuya.

Ummu Khalil ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na cire mahaɗan, ina rubuta abin da zan faɗa a bidiyon. Abu biyu suka rage min. Kamashon da na riga na karɓa a kan cinikin waɗanda ba a kai wa kaya ba, in mayar musu? Ina tsoron kada a ce na amsa laifi. Sannan kamfanin da ya ce a dakata, in jira su neme ni ko in neme su?

Baban Zara ya rubuta:

Ni dai a ganina ki mayar, na cinikin da ya lalace kaɗai. Kamasho ladan ciniki ne da ya kammala, wannan kuwa bai kammala ba. Ki rubuta a fili cewa kasonki ne kike mayarwa don ba kya son riƙe riba a kan asarar wani, sauran kuɗin yana wurin kamfanin. In adadin yana da yawa, ki nuna wa lauya kalmomin kafin ki wallafa. Kuma ki sani kuɗin talla ba ya zama tsira don kawai ya shiga aljihu. Bikin waƙe-waƙe na Fyre da aka shirya a Bahamas a 2017 manyan masu mabiya ne suka tallata shi, mutane suka je suka tarar ba komai, wanda ya shirya ya tafi gidan yari. Daga baya aka bi masu tallar a kotu kan kuɗin da aka biya su, ɗaya daga cikinsu, Kendall Jenner, ta amince ta biya dala 90,000 a 2020.

Uwar Biyu ta rubuta:

Ƙanwata, bari in amsa miki ta biyun, don ni ina ɗaya ɓangaren ne, aikina zaɓo wa kamfanoni masu yi musu talla. Kada ki jira. Da zarar bidiyon ya fita, ki tura musu shi da gajeren saƙo: ga abin da ya faru, ga matakin da na ɗauka, ga inda aka kwana. Mu in muka ce a dakata, ba hukunci muka yanke ba, kallo muke mu ga yadda mutum zai yi. Kusan duk wanda ya daɗe a harkar nan wani kamfani ya taɓa kunyata shi. Wanda nake gudu shi ne wanda zan leƙa shafinsa in tarar an rufe wurin magana, an share watanni biyu na hotuna kamar ba a yi su ba.

Abu na biyu da nake dubawa, ko mutum yana faɗa wa mabiyansa cewa biyansa aka yi. Kin ce kamasho ake ba ki. Ina fata duk tallar da kika yi akwai wannan a rubuce a sama, inda ido zai gani, ba a ƙarshen dogon rubutu ba. Instagram da YouTube duk suna da alamar da ake kunnawa don tallar da aka biya. A 2022 hukumar SEC ta Amurka, mai kula da kasuwar hannun jari, ta sa tauraruwar talabijin Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26 kan tallar wani kuɗin kirifto a Instagram. Ta ma sa alamar talla, abin da ba ta faɗa ba shi ne dala 250,000 aka ba ta, kuma dokar hannun jari ta can tana neman a faɗi adadin. Kayan shafa ba su kai nan tsanani ba, amma ɓoye alaƙa shi ke mayar da mai talla abokin laifi a idon jama'a.

In yarjejeniyar ta dawo, ki nemi a sa miki abu uku a rubuce: sunan wanda ke karɓar ƙorafin kwastoma da kwanakin da zai amsa a ciki, tsarin mayar da kuɗi, da 'yancinki na sauke talla nan take in ƙorafi ya taru ba a magance ba. Ki duba rajistar kamfanin da adireshinsa da kanki. Bayan an fara, lokaci-lokaci ki sa wani ya yi oda da sunansa, ba naki ba, don kayan da ake aiko wa mai talla daban yake da wanda ake aika wa kowa. In kin gama rubuta abin da za ki faɗa a bidiyon, turo min ta saƙon sirri in duba miki kafin ki ɗauka.