Taƙaitawa: yadda ake auna hatsarin ƙaramin dam na ƙauye

Jama'a, zancen da aka yi ta yi kan hatsarin ƙananan dam na ƙauye ya yi tsawo, ga abin da na tsinto daga ciki.

1. Kusan kowa ya yarda cewa wajen sa dam a ajin hatsari, abin da ke gangarensa ake dubawa kafin girmansa. In ya ɓalle gonaki kaɗai zai ci, ƙaramin hatsari ne. In zai tafi da hanya ko gada, matsakaici. In akwai gidajen da ake kwana a ciki, babba ne, ko da bangon gajere ne. Ajin ba ya nufin dam ɗin ya lalace, kuma yakan canja in aka yi sabbin gine-gine a kwari.

2. Ruwan da ke tsatsafowa ta bayan bango: in garau yake, a sa ido. In ya zo da laka, ƙasar ciki yake kwashewa, a kira injiniya a ranar. Haka tsagewa, suri da ramin gafiya.

3. Nan aka rabu. Masu noman rani na son jera buhunan yashi a mafitar ruwa don ya ƙara taruwa. Mafi yawa suka ce kul, dam ɗin ƙasa ba ya jure ruwa ya bi ta kansa. Har aka tuno ɓarnar ɓallewar dam ɗin Bagauda na Kano a 1988 da na Alau a Borno a 2024. Ni ma nan na tsaya.

4. Ƙananan bishiyoyin kan bango a cire su. Manya kam ba a daidaita ba, don saiwar da ta ruɓe rami take bari.

5. Kafin Agusta, mai unguwa ya san wanda zai yi shela da tudun da za a nufa in dam ɗin zai ɓalle.