Rubuta manufar darasi da ba da aikin gida ta waya: ta ina ake farawa?

Sabuwar Malama:

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da kimiyya a aji 1 na ƙaramar sakandare, ɗalibai 54, darasi minti 40. Mako mai zuwa za mu yi abubuwa masu rai da marasa rai. Ga manufar da ke cikin shirin darasina: "A ƙarshen darasi ɗalibai za su fahimci abubuwa masu rai da marasa rai, su kuma san muhimmancinsu." Shugaban sashenmu ya ce ba a iya auna irin wannan manufa. Yaya ake gyara ta? Na biyu, makaranta tana so mu riƙa ba da aikin gida ta intanet, akwai zauren WhatsApp na iyaye. Wace manhaja ta dace, kuma yaya zan haɗa ta da manufar? Allah ya saka da alheri.

Mai Duba Darasi:

Wa alaikumus salam Malama. Shugaban sashe yana da gaskiya. Fahimta da sani a cikin kan yaro suke, ba ki da hanyar ganinsu. Abin da za ki iya gani shi ne abin da yaro ya faɗa, ya rubuta, ya zana, ko ya yi da hannunsa. To manufa a kan wannan ake gina ta.

Tun 1962 masanin harkar koyarwa Robert Mager ya tsara cewa manufa mai kyau tana da sassa uku: aikin da ɗalibi zai yi, yanayin da zai yi shi a ciki, da ma'aunin da zai nuna ya iya. Aiki shi ne kalmar da ake iya gani, kamar ya lissafa, ya ambata, ya rarraba, ya zana, ya kwatanta, ya kawo hujja. Yanayi shi ne abin da kika ba shi ko kika hana shi: an ba shi hotuna, ko ba tare da duba littafi ba. Ma'auni kuwa adadi ne ko inganci: guda nawa cikin nawa.

Ga yadda taki za ta iya komawa. A ƙarshen darasi ɗalibai za su iya lissafa siffofi 5 cikin 7 na abubuwa masu rai ba tare da duba littafi ba. Idan an ba su hotunan abubuwa 10, za su iya rarraba aƙalla 8 daidai zuwa masu rai da marasa rai. Ta uku, za su iya kawo hujja 2 da ke nuna cewa mota ba ta da rai duk da tana motsi.

Ki lura ukun nan ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko tunawa ce kawai, ta biyu aiki ne da abin da aka koya, ta uku tana bukatar yaro ya yi tunani ya kare maganarsa. Wannan hawa-hawa shi ne matakan tunani da masanin ilimi Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka tsara a 1956, waɗanda Anderson da Krathwohl suka sabunta a 2001. Su shida ne: tunawa, fahimta, aiki da ilimi, ƙalailaicewa, yanke hukunci, da ƙirƙira. Abin da ke rikita sababbin malamai shi ne ganin fahimta a cikin jerin, sai su ɗauka an yarda a rubuta ta. Sunan mataki ne. A ƙarƙashinsa dole ki nemo aikin da ake gani, kamar yaro ya bayyana abu da nasa kalaman ko ya kawo misalin da ba ke kika ba shi ba.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa bayan wannan. Na farko, rubuta aikin malami a matsayin manufa, irin "zan bayyana wa ɗalibai siffofin abubuwa masu rai". Wannan a matakan gabatar da darasi yake shiga. Na biyu, cusa ayyuka biyu ko uku a jimla ɗaya: su lissafa su bayyana su zana. Idan yaro ya lissafa amma ya kasa zanawa, an cimma manufar ko ba a cimma ba? Kowace manufa aiki ɗaya. Kuma a minti 40 kada ki wuce uku, domin gabatarwa da auna fahimta kaɗai za su ci kusan minti 15.

Kafin ki zauna rubutu, ki buɗe manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantun Najeriya. Kowane batu yana da gurbin manufofi da gurbin auna fahimta a gefensa. Na can na mako ne ko fiye, aikinki shi ne ki gutsuro abin da zai shiga darasi ɗaya. Batun muhimmancinsu da kika sa, ki ɗage shi zuwa darasi na biyu.

Malamin Kwamfuta:

Malama, bayanin Malam ya riga ya amsa rabin tambayarki ta biyu. Kalmar aikin da ke cikin manufa ita ke zaɓar manhaja. Mutum ba ya fara da cewa zan yi amfani da Google Forms sannan ya nemo abin da zai sa a ciki.

Manufa ta farko, lissafawa ba tare da duba littafi ba, a bar ta a aji. A gida littafin yana gaban yaro, yanayin da kika gindaya ya rushe. Takarda da minti 3 a ƙarshen darasi sun isa.

Ta biyu, rarraba hotuna, ita ce ta dace da Google Forms. Ki buɗe sabon fom, ki shiga saiti ki kunna maɓallin da ke mayar da shi jarrabawa. Tambaya ta farko sunan ɗalibi da lambarsa ta rajista, ki sa ta zama dole. Sannan tambayoyi 10, kowace da hoto ɗaya da zaɓi biyu, ki nuna amsar daidai ki ba ta maki 1. Abin da ya fi hana yara shiga shi ne saitin da ke cewa kowa sau ɗaya zai amsa, da tambayar da ke neman a ɗora hoto ko fayil. Dukansu biyu suna tilasta wa mai amsawa shiga da asusun Google. Wayar ta uba ce ko ta yaya, wani gidan ma yara biyu ne a waya ɗaya, sai na biyu ya tarar an rufe masa. Ki kashe wannan saiti. Idan wani ya amsa sau biyu, teburin amsoshi yana nuna lokacin kowace, ki ɗauki ta farko. Ki kuma sa sakamako ya fita bayan kin rufe fom ɗin, in ba haka ba wanda ya fara gamawa zai raba wa sauran amsa.

Ki guji tambayar da yaro zai rubuta amsa da kansa idan kina so na'ura ta yi maki. Harafi da harafi take kwatantawa. Idan amsarki "ƙasa" ce yaro ya rubuta "kasa" saboda madannin wayarsu ba shi da ƙugiya, za ta ba shi sifili. Ana iya shigar da amsoshi da yawa da za a karɓa, amma ba za ki iya hango duk yadda yara 54 za su rubuta abu ba.

Ta uku, kawo hujja, saƙon murya na minti 1 ya fi komai. Su turo miki kai tsaye, ba cikin zaure ba. Zauren kuma ki saita shi masu kula kaɗai ke iya tura saƙo, don kada aikin ya nutse a cikin gaisuwa da tallace-tallace. Kada ki yi amfani da ƙuri'ar WhatsApp wajen auna fahimta, kowa yana ganin abin da wani ya zaɓa, yara za su bi inda aka fi yawa.

Darasin kai tsaye ta bidiyo ban ba ki shawara ba. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet a minti 60 idan mutane sun kai uku, kuma awa ɗaya tana cin ɗaruruwan megabayit. Ga sabis da ke ɗaukewa, ga wayar da ba ta dawowa gida sai bayan magariba. Abin da yaro zai buɗe a lokacin da ya samu dama ya fi. Ki ba da kwana 2 ko 3, ki kuma buga hotunan nan 10 a takarda saboda waɗanda babu babbar waya a gidansu, makinsu ɗaya da na sauran. Idan kina neman bidiyon da aka riga aka shirya, akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta ne. Ki kalla tukuna ki tabbatar ya dace da manufarki kafin ki tura.

Malamar Kimiyya:

Ina tare da malamai biyu, amma akwai gyara a kan hotunan. Idan kika sa akuya, kaza, dutse, kujera da makamantansu, ɗan aji 2 na firamare ma zai ci 10. Fom ɗin zai nuna miki an cimma manufa alhali ba a koyi komai ba. Yara a wannan shekaru sun ɗauka duk abin da ke motsi yana da rai, duk abin da ke tsaye ba shi da shi. Saboda haka ki sa guda 4 masu sauƙi, sauran 6 su zama inda ake tuntuɓe: wuta, ruwan kogi, mota, gajimare, bishiyar dalbejiya, da ƙwayar wake. Wuta ta fi kayar da su, tana motsi, tana girma, tana bukatar iska. Ƙwayar wake kuwa yawancinsu za su ce ba ta da rai. Maganin wannan shi ne jiƙaƙƙiyar auduga a murfin kwalba da wake 5, cikin kwana 3 zuwa 5 saiwa za ta fito su gani da idonsu.

Sai maganar ma'auni. Kada kowa ya rage miki 8 ɗin nan zuwa 5 don wai rabi ne. Tambaya mai zaɓi biyu, yaron da ya yi canki-canka ido rufe yana da damar kusan kashi 62 cikin 100 ta samun 5 ko fiye cikin 10. Damarsa ta samun 8 ko fiye ba ta kai kashi 6 ba. Shi ya sa 8 take da ma'ana.

Idan amsoshi sun shigo, kada ki tsaya a kan jimillar maki. Shafin taƙaitawa yana nuna tambayoyin da aka fi faɗuwa. Wadda fiye da rabin aji suka faɗi, da ita za ki buɗe darasi na gaba.

Sabuwar Malama:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Tambaya ɗaya ta rage. Ana so mu sa manufar da ta shafi ɗabi'a. Idan na rubuta "ɗalibai za su yaba wa muhimmancin kula da tsirrai", ta yi?

Mai Duba Darasi:

Ba ta yi ba Malama, yabawa irin wannan ma a zuci take. Ɗabi'a ta wurin aiki ake ganinta, kuma ba a ganinta a minti 40. Ki ɗaura ta a kan waken da Malama ta kawo: kowane rukuni na ɗalibai 6 zai riƙa jiƙa audugarsa kullum tsawon kwana 5, ya rubuta abin da ya gani a takardar da ke maƙale a bango. Yara 54 rukuni 9 ke nan. Ki rubuta ta a matsayin manufar mako, ki fara ranar Litinin don kwana biyar ɗin su ƙare kafin hutun ƙarshen mako, in ba haka ba audugar za ta bushe. Ranar ƙarshe ki ɗauki hoton murafen tara ki tura zauren iyaye. Murafen kawai, ban da fuskokin yara sai da izinin iyayensu.