Inshora ta ƙi biyan tiyatar rage ƙiba: a biya daga aljihu ko a tsaya neman haƙƙi?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum. Ƙanwata da ke aiki a jihar Texas ta Amurka tana da ma'aunin BMI 41 (awon ƙiba ne da ake kwatanta nauyin mutum da tsayinsa) haɗe da ciwon sukari, likitanta ya ba da shawarar tiyatar rage ƙiba, amma inshorar wurin aikinta ta ƙi biya. Ra'ayina shi ne duk wanda aka yi wa haka ya nemi kuɗi ya biya da kansa, ko da sai ya tsallaka Tijuana a Meziko inda farashin bai kai rabin na Amurka ba, domin ciwon sukari ba zai jira kamfani ya sake shawara ba.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya. Ban goyi bayanki ba tukuna, sai mun san dalilin da aka rubuta a takardar ƙin. Idan cewa suka yi lafiyarta ba ta buƙatar tiyatar, doka ta ba ta kwana 180 ta ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, in sun sake ƙi kuma a miƙa wa masu bita na waje waɗanda hukuncinsu ke hawa kan kamfanin. Hujjarta ma tana da ƙarfi, saboda ta cika ƙa'idar hukumar binciken lafiya ta Amurka (NIH) ta 1991, wato BMI 40, ko 35 tare da wata cuta. Me zai sa ta fitar da dubban daloli alhali tana iya samun haƙƙinta?

Anti Binta: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ke damuna ya wuce kuɗin ranar tiyata. A aikin da aka fi yi yanzu ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a ɗinke ragowar, kuma idan ɗinkin ya yi yoyo, mutum na iya shafe makonni a asibiti, inshorar da ta ƙi biyan tiyatar kuwa tana iya ƙin biyan jinyar abin da ya biyo bayanta. A 2019 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta yi gargaɗi kan mutanen da suka dawo daga tiyata a Tijuana ɗauke da ƙwayar cutar da ba ta jin magani. Bayan haka akwai gwajin jini da shan bitamin B12 da sinadarin ƙarfe har tsawon rai. Wane likita ne zai riƙa duba ta idan ta dawo?

Hajiya Rabi: Anti, na ji tsoron da kika nuna kuma yana kan hanya, amma jira ma yana da nasa haɗarin, ga ƙoda ga idanu. Binciken da aka fara a Suwidin a 1987 ya nuna cewa mace-mace sun ragu a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. Malam, na sake duba takardar: tsarin nasu ya cire wannan tiyata gaba ɗaya daga abin da yake biya.

Malam Sani: To, wannan ya sauya magana, domin ɗaukaka ƙara ba ya cika yin tasiri a kan abin da aka cire tun farko. Duk da haka ta duba ko inshorar mijinta tana biya, ta koma can a lokacin sabunta rajista na shekara, ko ta rubuta wa ofishin kula da ma'aikata, tun da sau da yawa mai aikin ne ke zaɓar abin da za a cire.

Alhaji Yusuf: Ina tare da Hajiya a kan biya, amma ban yarda da bashin jinya mai kuɗin ruwa ba, ga nauyin addini ga nauyin biya. Gara dangi su haɗa hannu ko a yi mata adashe, a yi aikin a nan kusa da likitanta. Ta tambayi farashin mai biya da kansa, sannan a rubuta mata a takarda ko ya haɗa da jinyar matsalar da ka iya tasowa bayan tiyata, da tsawon lokacin da alkawarin zai ɗauka.

Hajiya Rabi: Na gode, Alhaji. Zan sa ta nemi wannan takarda daga asibitoci biyu na garinsu, amma idan farashin ya fi ƙarfinmu, ban janye maganar Meziko ba. Anti Binta, ki taimaka mana da tambayoyin da ya kamata mu yi wa likitan can kafin mu biya ko sisi.