Neman shawara: Ina son komawa aikin horar da shugabanni, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 14 ina aikin kula da ma'aikata, shida daga ciki ina shugabar sashe. Yanzu ina son in koma aikin koci, wato in riƙa zama da manajoji ɗaya bayan ɗaya muna gyara yadda suke jagoranci. Abu uku suka tsaya mini a rai: wace takardar shaida ake nema, yaya zan yanka farashi, sannan wani mai kamfani ya yi mini tayin horar da manajarsa, amma da sharaɗin in riƙa gaya masa abin da muke tattaunawa. In karɓa?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Takardar da manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suka fi sani ita ce ta ICF, ƙungiyar masu horarwa ta duniya da aka kafa a Amurka a 1995. Matakin farko, ACC, yana buƙatar awa 60 na karatu, awa 100 na horar da mutane aƙalla takwas, 75 daga ciki a ce an biya ki, da awa 10 a gaban ƙwararriyar koci da za ta saurari aikinki ta yi miki gyara, cikin wata uku ko fiye. Sai jarrabawa. Na gaba, PCC, awa 125 ne na karatu da 500 na aiki.

Inda mutane ke tafka asara: ba a fara ƙirga awoyin sai bayan kin fara karatun, kuma zama da ma'aikatan da ke ƙarƙashinki kai tsaye ba ya shiga lissafi. Don haka shekarunki 14 ba za su ba ki ko awa ɗaya ba. Tun ranar farko ki buɗe rajista: suna, kwanan wata, tsawon zama, an biya ko ba a biya ba. Kafin ki tura wa kowace makaranta kuɗi, ki duba sunanta a shafin ICF.

Amsa ta biyu:
Takarda mai sauƙi ce, 'yar'uwa. Riƙe baki ne aikin. Wadda ta daɗe tana shugabanci, kafin mutum ya rufe baki ta riga ta san mafita, sai ta ce "da ni ce, ga abin da zan yi". Da kin faɗi haka kin tashi daga koci kin koma mai ba da shawara. Manaja zai ce to, ya tafi, bayan mako biyu ya dawo bai taɓa komai ba, saboda dabarar ba tasa ba ce.

Ki kama tsarin GROW da John Whitmore ɗan Ingila ya yaɗa. Mataki huɗu ne: me kake son cimma a wannan zaman, me ke faruwa a zahiri, waɗanne hanyoyi kake da su, wanne za ka ɗauka kuma yaushe. Na biyun ne ake gudu a kansa, nan kuwa naman yake. Idan manajar da kike horarwa ta ce "ma'aikatana ba sa girmama ni", kada ki wuce. Wane ne? A wane taro? Me ya ce, ke kuma me kika yi? Sau da yawa za ki tarar mutum ɗaya ne, wanda ya girme ta, take jin nauyin yi masa gyara a gaban jama'a. In kin yi tambaya, ki ƙirga goma a zuci kafin ki sake magana. Ki nemi izini ki naɗi zama ɗaya ki saurara. In muryarki ta fi tata yawa, akwai gyara.

Amsa ta uku:
Maganar mai kamfanin nan, kada ki karɓa a haka. Kunne yake nema, ba koci ba. Ranar da manajar ta ji kalma ɗaya tata a bakin ogansu, ta rufe baki ke nan, kuma labarin zai riga ki isa kamfani na gaba.

Ki kira zama na mutum uku: ke, ita, da shi. A gabanta ya faɗi abu biyu ko uku da yake son gani sun canza, misali ta riƙa miƙa aiki ga na ƙasa maimakon ɗauke komai a kanta. A rubuta, kowa ya sa hannu. A cikin yarjejeniyar ki bayyana cewa abin da zai samu daga gare ki shi ne yawan zaman da aka yi, da ko ta halarta. Rahoton ci gaba kuwa ita za ta ba shi da bakinta, kina zaune, a tsakiyar shirin da kuma ƙarshensa. Ki rubuta iyakar sirrin ma: barazana ga rai, ko abin da doka ta tilasta a bayyana. In ya ƙi, ki yi masa godiya ki bar kuɗin.

Amsa ta huɗu:
Farashi kuma, kada ki sayar da awa. Ki sayar da shiri: wata shida, zama 12, kowane mako biyu, minti 60 zuwa 90. Rabin kuɗi kafin a fara. Wanda ya fasa zama bai sanar da awa 24 kafin lokaci ba, zaman ya ƙone. Ki yi wa sunan kasuwancinki rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, don kamfanoni ba sa son biya cikin asusun mutum. 'Yan'uwa da ƙawaye za su zo da "Allah ya saka da alheri". Ki ware musu gurbi biyu kawai, daga cikin awa 25 ɗin nan na ACC da ba sai an biya ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To idan namiji ne zan horar fa?

Amsa ta biyar:
A ofis, cikin lokacin aiki, ɗakin taro mai ƙofar gilashi, ko ta Zoom. Ki sa wannan cikin yarjejeniyar kowa, mace da namiji, don kada wani ya ga shi kaɗai aka ware. Lambar aiki daban, kuma saƙon da ya shigo bayan isha'i, safiya ce amsarsa.