Neman Shawara: Shin Inhela Mai Shuɗi Kaɗai Za Ta Wadatar Da Ɗana Mai Fuka?

Wata uwa daga Pantami, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana mai shekara 9 yana fama da fuka, kuma tun da aka fara sussukar gero a bayan gidanmu, da zarar ƙaiƙayi ya taso sai ƙirjinsa ya riƙa kuka kamar usur, ba ya samun numfashi sai ya zauna ya dafe gwiwoyinsa. Na lura idan na shaƙa masa Ventolin, wato inhela mai shuɗi, kafin ya fita, sau da yawa ciwon ba ya tashi. Ko zan iya ajiye ɗaya inhelar, mai ruwan ƙasa, wadda likita ya ce a riƙa ba shi safe da yamma? Kuɗinta ya yi mini nauyi.

Wani mai harhaɗa magunguna:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Abin da kika lura da shi gaskiya ne. Salbutamol da ke cikin Ventolin yana sassauta tsokar da ta kewaye hanyoyin iska cikin 'yan mintuna, sannan yana kwantar da wasu ƙwayoyin halitta na huhu da ake kira mast, waɗanda idan ƙura ko ƙaiƙayi ya tsokane su suke fesar da histamin da wasu sinadarai masu shaƙe ƙirji da tara majina. Tun a 1969 masana a Ingila suka nuna cewa magunguna irinsa suna yin haka a tsokar huhun ɗan Adam. Sai dai aikinsa awa 4 zuwa 6 ne, kuma idan ana shaƙarsa kullum ƙwayoyin nan sukan saba da shi, kariyar ta ragu, alhali kumburin da ke cikin hanyoyin iskar yana nan bai taɓa shi ba. Wannan kumburin shi mai ruwan ƙasar take magani a hankali, don haka ina roƙonki kada ki ajiye ta.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Yaya, ki faɗa wa likitan matsalar kuɗin kai tsaye, domin akan samu irinta mai rahusa. Ki sa yaron ya riƙa kurkure baki bayan ya shaƙi mai ruwan ƙasar. Ranar da kuwa kika ga ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓunansa sun sauya launi, ki shaƙa masa mai shuɗin ku nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.