Ɗaura ƙudan fatsa da gashin tsuntsu: abinda na tsinta a hirar

Jama'a ga abinda na tattaro daga hirar da akayi kan ɗaura ƙudan bogi a ƙugiya, wato wanda ake haɗawa da gashin tsuntsu da zare don yaudarar kifi, kusan kowa ya yarda ba kowane gashi ne ke yin kowane aiki ba. In kana son ƙudan ya tsaya a saman ruwa to gashin wuyan zakara zaka nema, yana da tauri baya shan ruwa da wuri, amma na kaza mai laushi ne yana motsi a cikin ruwa kamar ƙafar ƙwaro, shi yafi dacewa da wanda zai nutse. Wanda yafi burgeni shine gashin agwagwa na kusa da wutsiya inda maiƙonta ke fitowa, yana riƙe iska sosai, sai dai kar ka shafa masa mai don zai manne ya lalace.

Gashin ɗawisu kuma yana ƙyalli amma saurin tsinkewa gareshi, ka murɗa shi tare da zare kafin ka naɗa. Shi kuwa gashin zakara ko na kaza da ake naɗawa, tsawon silinsa ya kai kamar ɗaya da rabi na faɗin bakin ƙugiyar, kuma kar a cika zare.

Maganar asu an daɗe a kanta gaskiya. Duk sabon gashi a wanke da sabulu mara ƙarfi, ya bushe sarai, a sa a leda a firiza, a fitar, a sake mayarwa saboda ƙwai, kafin ya haɗu da tsofaffin. Sannan a kula da doka, yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ɓacewa, da ta fara aiki a 1975 ta taƙaita cinikin gashin wasu tsuntsaye, ka tambayi asalinsa kafin ka saya.