Rainon yara a gidan haya a Legas: kowa ya faɗi abin da ya gani

Maman Ilham, Agege

Assalamu alaikum iyaye. Gidanmu irin wanda ɗakuna ke kallon juna ne, lungu ɗaya a tsakiya. A lungun ake girki, a nan ake jera bokitan ruwa da jarkar mai, a nan kuma yara ke rarrafe da guje-guje. A gida Arewa akwai tsakar gida mai fili, ga kaka ga gwaggo kowa idonsa na kan yaro. Nan kuwa mai gida ya fita tun asuba saboda cunkoso, ke kaɗai ce da su. Ba na so in tashi yara matsorata, kullum "kar ka taɓa, kar ka leƙa", kuma ba na so a wayi gari ina cewa da na sani. Don Allah wanda ya taɓa gamuwa da wani abu ya ba mu labari, da yadda ya yi.

Maman Sadik, Mile 12

Wa alaikumus salam Yaya. Ni kananzir ne. Sadik yana shekara biyu, wani yaron maƙwabta da aka aika ya dawo ya dire robar lemo a bakin ƙofarsu, ashe kananzir ne a ciki, Sadik ya ɗauka ya kurɓa. Tari kawai na ji, irin wanda ba ya tsayawa. Na fito na tarar rigarsa duk wari, idonsa ya yi ja, yana ƙoƙarin kuka numfashi ya hana.

Kafin ka ce kwabo matan gida sun taru. Wata ta kawo manja da cokali, wata ta ce madara, wata har ta kama haɓarsa za ta zura masa yatsa ya yi amai. Duk da zuciya ɗaya suke yi, ban ga laifin kowa ba, abin da muka taso muka gani ke nan. Allah Ya taimake ni da wata Bayarabiya a ɗakin ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce, ranar tana hutu. Ta ture cokalin, ta ce kar a ba shi komai, a cire rigar, a wanke masa jiki, a tafi asibiti yanzu.

A can likita ya yi mini bayani. Ya ce kananzir a ciki ba shi ne babban abin tsoro ba, huhu ne. Ruwa ne marar kauri, ɗan kaɗan ya ɓalle ta hanyar iska sai ya bazu ya kumbura huhu. Idan aka sa yaro amai, an ba shi hanya ta biyu ke nan ta shiga, shi ma manjan idan aka ɗura wa yaron da ke tari zai iya bin wannan hanyar. Lokacin da muka isa Sadik har ya fara wasa, ina ganin sallamarmu za a yi, suka ce a'a. Cikin dare kuwa zazzaɓi ya rufe shi, numfashi sama-sama, sai da aka sa masa iskar oksijin. Wannan nake so iyaye su riƙe: yaro ya warware a awa ta farko ba ya nufin ya tsira.

Da muka dawo mazan gidan suka zauna, aka yanke cewa ba a ƙara zuba kananzir ko fetur a robar lemo ko ta ruwa, kuma ba a aiken yaro ƙarami sayensa. Har yau ana bi.

Baban Khalifa, Alaba Rago

Allah Ya ƙara kiyayewa. Nawa janareto ne. A layinmu saboda ɓarayi mutane kan shigo da shi lungu da dare, ko a bar shi gindin taga, balle da damina. Wata asuba maƙwabcina bai fito masallaci ba, mutumin da ba ya fashi. Muka buga ƙofa shiru, muka ɓalle. Shi da matarsa da yara suna kwance, ba mai iya ɗaga kai, ƙaramar ta yi amai. Janareton wani ne ya kwana yana aiki a lungu, ƙofar waje a rufe. Muka fito da su iska, muka kai asibiti, Allah Ya yi da sauran kwanansu gaba.

Abin da ke kisa a hayaƙin nan, kabon monoksaid, ba shi da wari ba shi da launi. Ciwon kai ne da jiri da kasala, mutum ya ɗauka gajiya ce ko maleriya, ya ƙara gyara kwanciya. Idan duk mutanen ɗaki suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a fara fita waje kafin a nemi maganin zazzaɓi. Mu dai mun yi karo-karo, mai walda ya yi mana keji a waje nesa da tagogi, kowa da kwaɗonsa.

Anti Nas, Idi-Araba

Maman Sadik, maƙwabciyarki ta yi daidai. Haka ma sodar da mata ke jiƙawa don haɗa sabulu, kamar ruwa take a kofi, kuma ta fi kananzir muni, domin tana ƙona maƙogwaro a shiga, in an sa amai ta sake ƙonawa a fita. Na ga yaran da suka daɗe ba sa iya haɗiyar tuwo saboda ita. Mai sana'ar sabulu ta jiƙa a ɗaki kulle, ta rubuta a jikin robar.

A asibitin da nake aiki abin da na fi gani shi ne ƙuna, ruwan zafi da kunu da man suya, yawanci daga risho ko gas da aka ajiye a ƙasa. Sai a kawo yaro an shafa masa ɗanyen ƙwai, ko man goge baki, ko gasarar koko, har baƙin mai na gani. Sai mun kankare kafin mu fara aiki, yaro yana ihu. Ruwa mai sanyi kawai, na famfo ko na randa, a yi ta kwarara minti 20, ban da ƙanƙara. A cire abin hannu da zobe kafin wurin ya kumbura, tufar da ta manne kar a ja, kar a fasa ƙurjin da ya yi ruwa, a rufe da tsumma mai tsabta a taho.

Sai Sniper da fiya-fiya. Maganin ƙwarin gona ne, tun 2019 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta hana sayar da shi barkatai a kasuwa da kantuna, amma har yanzu ana yayyafa shi a ɗakin da jariri ke kwana. Yana shiga ta fata da numfashi, ba sai an sha ba. Na san sauron Legas da kuɗin cizo ba sa barin mutum ya runtsa, amma gidan sauro da shanya katifa sun fi. A ajiye 112 da 767 a waya, lambobin agajin gaggawa ne na jihar, kuma kyauta ake kira.

Baba Mai Goro, Agege

'Ya'yana, na karanta duka, Allah Ya saka. Amma ku bar ni in faɗi tawa. Mu a ƙauye muna shekara bakwai muke kiwo, mu hura wuta, mu ja guga a rijiya. Yanzu ina ganin yaro ya kai goma bai iya kunna ashana ba, uwarsa ta kulle shi a ɗaki da waya tun safe har dare, wai tsoron Legas. Wannan ma cuta ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai taɓa faɗuwa ya tashi da kansa ba, ranar da babu ku yaya zai yi?

Maman Ilham, Agege

Baba, Allah Ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce kuma ita ce rabin tambayata. Sai dai abin da na lura, wutar murhu yaro yana ganinta, ya ji zafinta ya janye hannu, gobe ya kiyaye. Hayaƙin janareto da fiya-fiya ba sa ba yaro damar koyo. Ina ganin waɗannan aikinmu ne mu kawar, sauran kuma, wuƙa da ashana da aike, a koya musu muna tsaye.

Baba Mai Goro, Agege

To, a haka mun daidaita. Amma a koya ɗin da gaske, ba a baki ba.

Maman Zahra, Obalende

Baba ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni malamar Islamiyya ce, yara da yawa suna wucewa ta hannuna, kuma na ga yaron da aka horar da tsoro ya fi kowa shiga haɗari, domin in ya yi ɓarna ɓoyewa yake. An taɓa samun wata ɗaliba da ta ƙone a cinya da dutsen guga, ta rufe da zane ba ta gaya wa kowa ba don kar a doke ta, sai da wurin ya fara wari.

A gidana doka ɗaya muka kafa ni da babansu: duk wanda ya zo da bakinsa ya faɗi abin da ya faru, ba duka ba zagi, ko me ya fasa. Ba abu ne mai sauƙi ba, wani lokacin sai ka haɗiye fushi kamar ya shaƙe ka. Amma ranar da dokar ta yi mana rana, Zahra tana shekara shida ta buɗe murfin bayan wata motar wasa, ƙaninta Abba ya ɗauki ɗan batirin nan mai kama da maɓallin riga ya haɗiye. Ba wanda ya gani sai ita. Yaron yana wasansa lafiya lau. Ta zo jikinta na rawa ta ce, "Umma ni na buɗe, kuma Abba ya cinye." Hoton da aka ɗauka ya nuna batirin ya maƙale a maƙogwaro, a daren suka ciro shi. Likitan ya ce irin wannan batirin yana fara cin nama cikin awa biyu, kuma sau da yawa iyaye ba sa sani sai yaro ya kasa cin abinci.

Tun daga nan nake ba ta aiki na gaske. Ita ke kife bokitai bayan wanki, ita ke duba ko an mayar da magani saman kwaba. Ta haddace lambar babanta da sunan layinmu, ta san ɗakin da za ta buga in ba na nan. Kuma in ta faɗi ta kurje gwiwa ba na rugawa da salati, nakan ce ta je ta wanke da sabulu ta kawo in gani. Yarinyar da a da ko ƙadangare ta gani sai ta ƙanƙame ni, yanzu ita ke rarrashin ƙannenta.

Hajiya Kaka, Sabo Ikorodu

Allah Ya yi wa Zahra albarka. Bokitin nan kar a raina shi. Mu da muke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa kullum akwai baho da duro cike a ƙofa. Yaro mai tatata nauyin kansa yana rinjayar jikinsa, in ya leƙa ya kifa ba ya iya ɗagowa, kuma ba ya ihu. Jikana da ƙafa aka janyo shi daga bahon wanki, uwarsa tana shanya a nan kusa ba ta ji komai ba. A rufe, a ɗora abu mai nauyi.

Anti Nas, ina da tambaya. Surukata ta hana ni sa wa jaririnta kwalli, ta kuma kwashe kafur ɗin da na zuba a akwatin kayansa. Na yi shiru ne don zaman lafiya, amma raina bai so ba. Mu da su muka raini iyayensu.

Anti Nas, Idi-Araba

Hajiya, ki yi haƙuri, surukarki tana kan hanya. Kwallin dutse da ake niƙawa, wanda Yarabawa ke kira tiro, an sha gwada shi an sami dalma mai yawa a ciki. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Dalma ba ta nuna kanta nan take, a hankali take taɓa ƙwaƙwalwa da jini. Ita ce gubar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, can daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ne, amma gubar ɗaya ce.

Kafur ɗin akwati kuwa, akwai jarirai, musamman maza, da ake haifa jininsu ba ya jure shi. Warinsa a tufafi kawai ya isa ya farfasa ƙwayoyin jini, shawara ta taso da ƙarfi, in ta hau kai ta bar yaro da kurumta ko naƙasa. Ba a gane wane jariri ne da ido, shi ya sa muke hana kowa. In idon jariri ya yi rawaya a kawo shi a auna, kar a tsaya shanya shi a rana ko ba shi ruwan gulukos.

Tunda ana maganar jarirai, maganin haƙori na kemis ma a bar shi. A 2008 wani mai suna My Pikin da aka haɗa a nan Legas ya gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, yara 84 suka rasu. Fitar haƙori ba ta kawo gudawa mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi, in an ga haka wata cutar ce, a nemi dalilinta.

Baban Khalifa, Alaba Rago

Anti, ga damina ta kusa, kwata za ta fara shigo mana ɗaki, kuma ba mu manta kwalarar watan Yunin 2024 ba. In gudawa ta kama yaro cikin dare ba kemis a buɗe, yaya ma'aunin ruwan gishiri da sukarin yake?

Anti Nas, Idi-Araba

Lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, wato ledar fiyawota biyu, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin. A ɗanɗana, kar gishirinsa ya wuce na hawaye. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, in ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba, nono kuma ba a dainawa. Wanda ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Gara ma a sayi haɗaɗɗen garin gishiri da sukarin na kemis da ƙwayar zinc a ajiye tun yanzu, zinc ɗin kwana 10 zuwa 14 ake sha ko gudawar ta tsaya. Amma in kashin ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ba a jiran gari ya waye, a kama hanyar asibiti ana ba shi a hanya.